Ɗana yana da zuciya, na daka na gaji: yaya zan koya masa kame kansa?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari yana da shekara 6. Yaro ne mai wayo da son mutane, amma zuciya gare shi. Da zarar an hana shi abu, ko ƙanwarsa ta taɓa masa kaya, sai ya kai mata duka ko ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa, ya faɗi yana birgima. Bayan ya huce sai ya zo yana kuka yana cewa ba zai ƙara ba, gobe kuma ya sake. Ba ya iya jiran layi, ba ya bari a gama magana, malamin Islamiyyarsu ya sha aiko mini da ƙara. Babansa ya ce ni na sangarta shi, bulala ce ta yi masa kaɗan, kakarsa kuma ta ce a kai shi a yi masa ruƙiya. Na daka har na gaji, na lallasa har na gaji. Me ke damunsa, kuma yaya zan yi?" Daga wata uwa a Gusau.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi. Idan na fahimce ki da kyau, tambayarki kashi biyu ce: shin abin da yaron nan yake yi ƙuruciya ce, ko sakaci ne a tarbiyya, ko kuwa ciwo ne, sannan mene ne abin yi tunda duka bai yi ba, lallashi ma bai yi ba. Zan amsa gwargwadon abin da kika bayyana, amma ki sani tun farko cewa ba a yanke wa yaro hukuncin ciwo daga wasiƙa, sai an gan shi ido da ido, an ji ta bakin malaminsa, an kuma duba lafiyar jikinsa.

Maganar da ta fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki ita ce yadda yake dawowa da kansa bayan ya huce, yana kuka yana alƙawarin ba zai ƙara ba. Wannan ya nuna yaron ya san duka ba kyau, ya san ya ɓata miki rai, kuma abin yana damunsa. Ke nan ba sani ne ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne ɗan tsaikon nan da ke tsakanin tasowar zuciya da miƙewar hannu, wanda a cikinsa babba yakan tuna Allah, ko ya tuna idon mutane, ya haɗiye fushinsa. Shi wannan tsaiko ba a haihuwar yaro da shi, kuma tsoro ba ya samar da shi. Koyonsa ake yi a hankali daga wurin manyan da ke kewaye da yaro, kuma kafin ya samu nasa, da natsuwarki zai riƙa natsuwa.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai sassan da ke kula da tsoro da fushi, sananne a cikinsu shi ne wanda ake kira amigdala, kuma suna aiki gadan-gadan tun yaro yana goye. Sashen da ke tsawatar musu kuwa, wanda yake tuna doka, ya hango abin da zai biyo baya, ya hana baki furta abin da ya zo masa, yana gaba ne a bayan goshi, kuma shi ne na ƙarshen ƙosawa, domin ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka ɗan shekara 6 da ya kasa jiran layi jefi-jefi bai fita daga sahun sa'anninsa ba. Sai dai birgima da jifa sun fi yawa ne tsakanin shekara 2 zuwa 3, su riƙa ja da baya bayan shekara 4, don haka idan naki yana yi kusan kullum a shekara 6, har makaranta tana kawo ƙara, damuwarki tana kan hanya, kuma bai kamata a ce miki ki bari zai daina da kansa ba. Wani bincike da aka yi a garin Dunedin na ƙasar New Zealand ya bi diddigin yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka kai shekara 32, kuma sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka taso da ƙarancin kame kai sun fi fuskantar rashin lafiya da matsin kuɗi da shiga hannun hukuma. Binciken ya kuma gano cewa yaran da kame kansu ya ƙaru yayin da suke girma, rayuwarsu ta fi kyau fiye da yadda farkonsu ya nuna.

Akwai wani gwaji da ya shahara a fagenmu, wanda wani masani mai suna Walter Mischel ya fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Ana ajiye wa yaro ɗan shekara 4 ko 5 alawa guda a gabansa, a ce masa idan ya jira har aka dawo za a ba shi biyu, sannan a fita a bar shi. An daɗe ana ɗaukar gwajin a matsayin awon halin da yaro ya zo da shi duniya, amma binciken da ya biyo baya ya sauya wannan fahimta. A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta na Jami'ar Rochester suka buga sakamakon wani gwaji da suka raba yara gida biyu. Kafin a kawo alawar, an yi wa kowane yaro alƙawarin kawo masa kayan zane masu kyau, aka cika wa rukuni ɗaya, aka saɓa wa ɗayan. Waɗanda aka cika wa alƙawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kacal. Yaron da ya saba ganin ana saɓa masa magana ba shi da dalilin jira, kuma a lissafinsa yana da gaskiya.

Ki duba gidajenmu da wannan ido. Sau nawa muke ce wa yaro ya yi shiru za a sayo masa biskit, alhali ba mu da niyyar sayowa? Sau nawa uwa take cewa ya je ya ɗauko takalminsa a tafi tare, kafin ya fito ta sulale? Ko a ce dodo zai kama shi, ko za a kira mai allura. Kowanne daga cikin waɗannan yana sa yaro ya yi shiru na minti biyar, yana kuma koya masa cewa maganar babba ba abin dogaro ba ce. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi tana cewa ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidansu, sai ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Idan da abu ɗaya za ki fara da shi daga gobe, to ya zama wannan: kada ki yi masa alƙawarin da ba za ki cika ba, kada kuma ki yi masa barazanar da ba za ki aiwatar ba.

An kawo gwajin alawar nan kusa da mu. Bettina Lamm ta Jami'ar Osnabrück da ke Jamus ta gwada yaran manoma 'yan ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru da yaran Jamusawa, dukansu 'yan shekara 4, aka fitar da sakamakon a 2017. Yaran Kamaru fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu sun jira minti 10 ɗin da aka ɗiba, wasu har barci ya kwashe su, yayin da na Jamus waɗanda suka jira ba su kai kashi 30 ba. Na kawo wannan ne domin kada ki ɗauka sai an yar da tarbiyyarmu an ɗauko ta Turawa. Goyo, da kusancin jiki, da girmama na gaba, da ba yaro aiki tun yana ƙarami, duk abubuwa ne masu gina kame kai. Abin da nake kira a gyara shi ne yawan duka da tsawa da alƙawarin ƙarya.

A fara da abin da ya fi sauƙi

Kafin a kai ga maganar hali, ina fara tambayar iyaye barci da abinci. Yaro tsakanin shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Da yawa daga yaranmu ba sa kwanciya sai ƙarfe sha ɗaya saboda hira ko kallo ko zafi da sauro, a tashe su da asuba, su tafi boko, su dawo su wuce Islamiyya, wani ma da karatun dare. Babba idan bai samu barci ba yakan yi laushi, yaro kuwa ƙara ƙiriniya da saurin hasala yake yi, shi ya sa iyaye ba sa gane gajiya ce.

An taɓa kawo mini wani yaro sa'an naki, wanda ya addabi gida da cizo da jifa. Na roƙi mahaifiyarsa ta riƙa rubuta lokacin da abin yake faruwa da abin da ya gabace shi. Da ta dawo da ɗan littafinta muka duba tare, sai ga shi kusan duk rigimar tana tashi ne tsakanin dawowarsa daga boko da tafiyarsa Islamiyya. Yana shigowa da yunwa, abinci bai sauka ba, ana ce masa ya cire wannan kayan ya sa wancan, ƙanensa kuma yana jan jakarsa. Aka fara ajiye masa ɗumame ko gyaɗa da ayaba yana shigowa, aka bar shi ya miƙe a kan tabarma na ɗan lokaci ba mai aikensa, aka riƙe ƙanen a ɗaki. Rigimar ba ta ƙare ƙaƙaf ba, amma ta ragu har uwar ta samu sararin koya masa sauran abubuwan. Ki kuma duba waya, domin yaron da aka fizge wa waya yana tsakiyar kallo kusan dole ne ya yi bori. A ƙayyade lokacinta, a sanar da shi tun kafin lokacin ya cika, misali a ce da an kira la'asar za a ajiye, kuma kada ta bi shi shimfiɗa.

Maganar bulala

Ina so ki karanta wa maigida wannan ɓangaren cikin ladabi, domin na san ba ƙiyayya ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa ba. Tsoro yake kada yaron ya tashi ba kwaɓa, kuma tsoron nasa yana da tushe. Ya yi gaskiya cewa yaro yana buƙatar iyaka wadda ba ta motsi. Inda na saɓa da shi shi ne hanyar kafa iyakar. Duka yana tsayar da abu nan take, wannan ne ya sa muke ganin kamar yana aiki, amma ki lura da abin da yaron yake gani: ya daki ƙanwarsa don ta ɓata masa rai, ke kuma kin dake shi don ya ɓata miki rai. Darasin da ya fi shiga kansa shi ne wanda ya fi ƙarfi yana dukan na ƙasa da shi idan ya fusata, kuma a gidan nan ƙanwarsa ce ta ƙasa da shi. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai da damuwar zuci, ba su kuma ga alamar yana gyara hali na dindindin ba. Shirun da tsoro ya kawo yakan tsaya ne inda mai bulala yake, da ya ba da baya sai abin ya dawo.

Ko a hadisin da ake yawan kafa hujja da shi, umarni da sallah a shekara 7 aka yi, ba a ambaci duka ba sai a shekara 10, wato akwai shekara uku na koyarwa da tunatarwa a tsakani, kuma a kan sallah ce, wadda babu abin da ya kai ta. Naku shekararsa 6. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Hukuncin shari'a na malamai ne, ni abin da nake gani a ɗakin duba yara nake faɗa.

Lallashin da kika ce ya gaza shi ma yana da dalili. Wani masani a jihar Oregon ta Amurka, Gerald Patterson, ya daɗe yana nazarin yadda rigima take ginuwa a gidaje, ya bayyana wani zagaye da nake gani kullum. Uwa ta hana, yaro ya yi ihu, ta gaji ko ta ji kunyar baƙi ta ba shi, sai ya koyi cewa ihu yana biya. Wata rana ta daka masa tsawa ta kai masa mari ya yi shiru, sai ita ma ta koyi cewa mari yana biya. Daga nan kowa ya riƙa ƙara nasa. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne rashin tabbas: yau a daka, gobe a ba shi, jibi kaka ta ƙwace shi ta ba shi alawa. Yaron da bai san wanne zai samu ba zai ci gaba da gwadawa. Kuma ki shirya wa wani abu: ranar da kika daina ba shi abu don ya yi ihu, ihun zai ƙaru na wasu kwanaki kafin ya ragu, domin yana gwada ko da gaske kike. Iyaye da yawa a nan suke karaya su ce hanyar ba ta aiki, alhali alamar ta fara kamawa ke nan.

Lokacin da ya harzuƙa

Duk macen da ta saba da murhu ta san idan tukunya ta taso, danne murfi ba ya hana ta zuba, itace ake janyewa. Yaron da ke tsakiyar bori ba ya jin nasiha, domin sashen da zai ji ta ya rufe a wannan lokaci, saboda haka duk dogon faɗa da tambayar "me ya sa ka yi" ƙarin wuta ne. Aikinki a nan kaɗan ne, amma shi ne mafi wuya. Ki fara da kanki: ki yi a'uziyya, ki sauke numfashi, ki rage murya. An ruwaito cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa, kuma wannan ya dace da ke kafin ya dace da shi. Ki durƙusa har idonki ya yi daidai da nasa. Idan yana kai duka, ki riƙe hannayensa da ƙarfin da zai hana shi ba tare da ya ji ciwo ba, ki ce masa a taƙaice: "Na ga ranka ya ɓaci, ta ɗaukar maka mota. Ba a duka. Zo mu zauna." Daga nan ki yi shiru. Idan ya faɗi yana birgima, ki kawar da buta da kujera da duk abin da zai ji masa rauni, ki sallami 'yan kallo, musamman masu dariya da masu tsokana, ki zauna kusa kina abin da kike yi.

Ambaton abin da yake ji yana da amfani fiye da yadda ake zato. Wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 2007, a kan manya, ya nuna cewa sanya wa abin da mutum yake ji suna yana rage tashin amigdala. Yaranmu da yawa ba su da kalmar da ta wuce "ya dake ni" da "ba na so". Idan kika riƙa ba shi kalmomin, cewa wannan fushi ne, wannan kishi ne, wannan kunya ce ta kama ka, wannan gajiya ce, a hankali bakinsa zai fara yin aikin da hannunsa yake yi. Amincewa da cewa ransa ya ɓaci ba ya nufin amincewa da dukan da ya yi, kuma yaro yana iya riƙe biyun idan ya ji su tare daga bakinki.

Idan ya riga ya daki ƙanwar, ki fara zuwa wurinta ki duba ta ki rarrashe ta, kada wanda ya yi dukan ya zama shi ya samu hankalinki duka. Bayan ya huce sai hukunci, kuma ya zama ƙarami, na nan take, mai alaƙa da laifin. Abin da ya yi jifa da shi a ɗora shi a kan sif sai gobe. Idan duka ya yi, ya zauna a gefen tabarma inda kike ganinsa na kimanin minti 6, wato minti ɗaya ga kowace shekara, ba a kulle shi a ɗaki mai duhu ba. Sannan ya gyara abin da ya ɓata: ya kwashe abin da ya zubar, ya kawo wa ƙanwarsa ruwa, ya ba ta haƙuri. Da an gama, an gama. Kada a jira babansa ya dawo da dare a sake tayar da shari'ar, kada kuma a riƙa ba da labarin a gaban baƙi yana ji, domin yaron da kullum yake jin ana ce masa mai baƙar zuciya zai ɗauka sunansa ke nan.

Koyarwar da ake yi ranar da ba a rigima

Mafi yawan aikin a lokacin lafiya ake yin sa. Ki zauna da shi wata safiya ki ce masa za ku koyi abin da jarumai suke yi idan zuciya ta taso, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, kuma yaro namiji a wannan shekaru yana son a kira shi mai ƙarfi. Ku zaɓi abu ɗaya da zai yi: ya sa hannu a aljihu, ya ja numfashi sau uku, ya zo ya faɗa miki. Ku yi wasan kwaikwayonsa, ke ki zama ƙanwar ki ɗauki motarsa, shi ya gwada, ku yi dariya, ku sake. Abin da bai gwada ba yana cikin natsuwa ba zai same shi ba yana cikin fushi.

Jira ma dabara gare shi. Mischel ya lura cewa yaran da suka iya jira ba zuba wa alawar ido suka yi suna cije baki ba, kawar da kai suka yi, wani ya rufe ido, wani ya yi waƙa, wani ya juya baya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa idan suka sa yaransu azumin Ashura sukan yi musu abin wasa da ulu, wanda ya yi kukan abinci a miƙa masa har lokacin buɗa-baki ya yi. Don haka idan za ku asibiti ko gidan biki inda za a daɗe a zaune, ki tafi masa da abin da zai riƙe hannunsa da hankalinsa, ki kuma faɗa masa tun a gida abin da za a yi da abin da kike so daga gare shi. Wasanninmu na tsakar gida suna wannan aiki ba tare da an sani ba: a carafke sai ka jira wanda ke yi ya faɗi, a ɓuya sai ka danne dariya da motsi, a dara sai ka yi tunani kafin ka ɗaga, a langa sai ka sha kaye ka tashi ba ka yi faɗa ba. Tatsuniya da dare tana koya masa sauraro har ƙarshe, kuma idan Gizo ya faɗa rami saboda haɗama da gaggawa, ki tambaye shi me ya kamata Gizo ya yi.

Sai yabo, wanda muke ƙyashinsa don gudun kada kan yaro ya kumbura. Yabon da nake nufi na aiki ne takamaimai, a lokacin da ya faru: "Masha Allah, na ga ka jira ta gama sha kafin ka karɓi kofin." Yaro irin naki yana jin sunansa sau da yawa a rana, kusan duka a kan laifi, don haka ki riƙa farautar lokacin da ya yi daidai. Tunda kuma kin ce ɗan fari ne, bari in taɓo wani abu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai daraja, amma na sha ganin yaron da mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki, ga ƙanwa ta zo ta karɓe goyo da cinya, har ya gane cewa hanya mafi sauri ta sa uwarsa ta dube shi ita ce ya sa ƙanwar kuka. Ba sai kin karya al'ada a gaban surukai ba. Ki ware masa minti goma ko sha biyar kullum a ɗaki, ku biyu kawai, shi zai zaɓi abin da za a yi, ba gyara ba faɗa. A cikin duk shawarwarin da nake bayarwa, wannan ce iyaye suka fi rainawa, ita ce kuma suka fi dawowa suna godiya a kanta.

Malamin Islamiyya kuma a same shi da girmamawa, ko maigida ya je da kansa. A roƙe shi ya zaunar da yaron a gaba kusa da shi, ya riƙa ba shi ɗan aiki mai motsi kamar share allo ko raba littattafai, ya kuma aiko da labari ranar da ya yi kirki, ba sai ranar laifi kaɗai ba.

Ruƙiya da asibiti

Addu'a da azkar na safe da yamma da tofa wa yaro kafin barci ba su da saɓani da komai a cikin abin da na faɗa, hasali ma zaman da ake yi ana karanta masa a hankali yana kwantar da shi. Ki karɓi wannan daga Hajiya kaka da hannu biyu, ki kuma roƙe ta ta taya ki da abu ɗaya, wato kada ta ba shi abin da aka hana shi yana cikin bori. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kai shi inda za a dake shi ko a turara masa hayaƙi mai shaƙewa ko a ɗaure shi, ko a riƙa faɗa a gabansa cewa aljani ne a kansa, domin yaron da aka gaya wa ba shi ke yi ba an cire masa dalilin ƙoƙari. Haka nan kada a ba shi maganin mura ko na tari don ya yi barci.

Akwai yanayin da nake so a ga likitan yara ba tare da jinkiri ba. Idan yakan yi zuru na 'yan daƙiƙu ana kiransa ba ya ji, wannan yana iya zama wani nau'in farfaɗiya. Idan ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya kai ga suma ko jijjiga, a duba jinsa da ƙwaƙwalwarsa. Idan maganarsa ta yi baya da ta sa'anninsa, ko yana minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi, ko ya ɗashe, duk a faɗa wa likita. Idan halin nan farat ɗaya ya zo, tare da fitsarin kwance ko firgita cikin dare ko tsoron wani mutum na musamman, a bincika a hankali ko wani yana cutar da shi, ko ya ga wani tashin hankali, abin da yara da yawa a yankinku suka gani a shekarun nan. Kuma tunda daga Zamfara kike, dole in ambaci gubar dalma. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, kuma ƙaramin adadinta da ba ya kisa yana taɓa natsuwa da kame kai. Idan akwai mai aikin haƙar ma'adinai ko gyaran batir a gidan, ko kun zauna a waɗancan yankuna, ko ana yawan sa masa kwallin gargajiya, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da dalma, a nemi gwajin jini.

Sai kuma lalurar rashin natsuwa da yawan motsi da likitoci ke kira ADHD, wadda take shafar kimanin kashi 5 cikin 100 na yara a duniya. Rashin jiran layi da katse magana da kika ambata suna cikin alamominta, kuma ganin abin a gida da makaranta duka ya sa ba zan kawar da ita ba. Amma ba a tabbatar da ita sai alamomin sun wuce wata 6, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, sun fi na sa'anninsa a fili, an kuma kawar da sauran dalilan da na lissafa. Ko an tabbatar, duk abin da na bayyana a sama yana cikin maganinta, ƙwaya kuwa ƙwararre ne kaɗai zai yanke ko ana buƙatarta. Za ki iya farawa da sashen yara na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, idan da buƙata su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kafin nan, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa na mako biyu: ƙarfe nawa ya kwanta ya tashi, yaushe rigimar ta faru, me ya gabace ta, me aka yi masa, minti nawa ta ɗauka. Ku zauna da maigida ku zaɓi hali ɗaya da za a fara da shi, ni dai dukan ƙanwar zan zaɓa, a ɗan kawar da kai daga ƙananan laifuka tukuna. Ku ba hanyar wata biyu zuwa uku kuna kan magana ɗaya, kuma abin da za ki auna shi ne ko rigimar ta rage yawa da tsawo, ba wai ta ɓace ba. Idan bayan wannan lokaci ba ki ga sauyi ba, ko ya ji wa wani rauni kafin nan, ki ɗauki littafin da 'yar takarda daga malaminsa ku tafi asibiti.